Dawakin Tekun Mutari da Man Kaɗena

Ku matso kusa, 'yan uwa, ku ji abin da ke damuna. Yau shekara goma ke nan da Allah Ya karɓi ƙanena Mutari, wanda ya baro Damagaram ya je Paris karatu, ya ƙare da bincike a kan wani kifi da tsawonsa bai wuce yatsa ba.

Dokin teku ake ce masa. Kansa kamar na doki, wutsiyarsa kuma tana naɗe ciyawar ruwa ta riƙe gam. Da ya fara ba ni labari, na ce yau wanda ya tashi da ruwan ga-ruwa shi ne malamin teku? Ya ce ai namijin ne ma yake ɗaukar ciki. Na ce ya taimaka ya je ya gaya wa maigidana.

Wata shekara zai tafi bakin teku aiki, ya kawo mini akwatin gilashi mai ruwa nan gidana a unguwar Guillotière, da dawakin teku guda biyu a ciki, namijin cikinsa ya tsufa. Ya nuna mini awon abincinsu ya wuce tasha. Maganar tsoma hannu a ruwan ce bai yi mini ba, don ba ta zo masa ba. Lokacin sanyi ne, kuma kun san mu, sai mun laɓta man kaɗe mai turare har gwiwar hannu. Ciyawar da suke riƙewa ta faɗi, na tsoma hannu na tayar da ita. Na ga maiƙo yana ƙyalli a saman ruwan, ban ɗauke shi komai ba. Kwana biyu, namijin ya saki ciyawa ya kwanta a ƙasa matacce, da 'ya'yansa a ciki.

Da Mutari ya dawo bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya daɗe yana duban ruwan, sannan ya ce, "Yaya, wannan fa ɗan abin da ke hannunki ne. Ki auna jirgin mai guda in ya fashe."

Ya ce wasu kifaye suna gudu, shi wannan bai iya iyo sosai ba. Riƙe ciyawarsa yake yi har man ya iske shi, ya kashe ciyawar, ya kashe ƙananan halittun da yake ci.

Tun ranar, in tele ta nuna baƙin mai a gaɓar teku, gabana faɗuwa yake. Ana nuna tsuntsaye ana wanke su, amma na ƙasan ruwa ba wanda ya gani. Yanzu ƙasarmu ma ta shiga haƙar mai, a gidan suna kowa murna yake, ni ma ina yi. Sai in tuna man nan wata rana jirgi zai hau. Me Mutari zai ce? Ina jin zai taya mu murna, sannan ya tambayi ta wane ruwa za a bi.

Abin da ya rage mini nasa kwali ne cike da littattafan da ya rubuta da hannunsa, inda yake ƙirga dawakin nan wuri wuri. Ni lakwal ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, zanen kawai nake ganewa. Laima ta fara cin takardun, ni kuma girma yana zuwa. Ɗalibanmu na jami'ar Bron, kuna zuwa cin tuwo gidana kowace Lahadi. A cikinku babu wanda zai buɗe kwalin nan ya karanta, ya je ya duba ko dawakin suna nan riƙe da ciyawarsu?