Mai Riƙon Laimar Yarima

Mbah Kasidi manomin shinkafa ne a wani ƙauye da ke gindin dutsen Merbabu, a tsakiyar Jawa. Gonarsa 'yar ƙarama ce, amma da ita ya aurar da 'ya'yansa, kuma ba a taɓa kwana da yunwa a gidansa ba. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: kakansa mai riƙon laima ne a fada, shi kuwa ya ƙare a cikin taɓo. Kakan ne ya koya masa ladabin bayin sarki: a matso a tsugune, a haɗa tafin hannu a kan hanci, kuma ba a ɗaga ido a kalli fuskar jinin sarauta. Ya riƙe wannan kaf, har ya yi furfura bai sami wanda zai yi wa ba.

Ana nan sai ga wani baƙo da mota da tufafi na alfarma, wai shi jikan sarki ne da aka ɓoye tun yana jariri, ya zo tayar da masarautar kakanninsa, a riƙa kiransa Yarima. Ya shiga rabon sarautu, kowace da farashinta. Kasidi ya dangwala hannu ya miƙa masa gonar, aka naɗa shi mai laima.

"Baban Sarmi, laimar za mu dafa mu ci?" in ji matarsa Tukinem.

"Ke dai ba ki san girma ba," ya ce.

Damina biyu yana bayan Yarima, kai a sunkuye. Gaskiya ita ce bai taɓa jin daɗin duniya kamar a lokacin ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tausayi.

Rana ɗaya aka nemi Yarima aka rasa. Daga baya 'yan sanda suka kama wasu mazambata a wani gari, suka zo neman shaida. Sauran masu sarautar kunya ta rufe su, kowa ya ce bai san zancen ba. Kasidi kaɗai ya je.

"Mbah, kai ka fi kowa kusa da shi," in ji ɗan sandan. "Ka nuna shi, sai mu kai maganar gonarka gaban alƙali."

Mutum huɗu ne a tsaye cikin kayan kaso. Da ƙyar Kasidi ya ɗago kai, ya bi su da kallo, ya sake bi.

"Ɗana, ban taɓa ganin fuskarsa ba."

"Haba Mbah, duk zaman nan?"

"Ba a kallo."

Ya roƙa a juya masa su. An riga an yi musu aski ƙwal, ƙeya huɗu iri ɗaya. Yana iya nuna wanda ya ga dama, amma ya ji tsoron ɗaukar alhakin wani, ya fito.

Tukinem na bakin ƙofa tana tsince shinkafar da aka sam mata a maƙwabta.

"Ka gan shi?"

Ya ce, "Wataƙila."