Na Tafi Ɗauko 'Yata a Bakin Teku

Ita ce 'yar farina, don haka ko sunanta ban cika kamawa ba, kuma ba mu saba zama mu yi doguwar hira ba. Haka aka rene ni a Kano, haka na taho da abina Birmingham. Da ta samu gurbin karatun harhaɗa magunguna a Manchester, ni da babanta muka raka ta har ɗakinta a Ardwick. Na jera mata yaji da kuka da daddawa a kabad, na ce ta riƙe salla, muka juyo gida.

A shekara ta biyu abubuwa suka fara canjawa. Wayarta ta koma gajeruwa. In na tambaya sai ta ce, "Lafiya lau, Umma, karatu ne kawai." Da ta zo ƙaramar salla na ga ƙashin wuyanta ya fito, ta zauna gaban tuwo tana ta jujjuya cokali. Na ce ko ba ta jin daɗi ne, ta ce gajiya ce. Ni kuma na bar maganar a nan.

Da zafi ya shigo muna jiran ta zo hutu, sai ta kira ta ce ba za ta zo ba. Ta dakatar da karatun jami'a, tana wani ƙauyen masunta a gaɓar Wales, tana taya wasu mutane da ke kula da bakin teku suna zagayawa da baƙi. Lokacin ina tsaye a kicin ɗinmu a unguwar Small Heath, hannuna duk kumfar wanke-wanke. Babanta likita ne, a ransa ya riga ya gama tsara mata rayuwa. Da na gaya masa, ya ce, "Ki je ki gan ta. In ni na je, faɗa zan yi."

Na tafi da niyyar in taso ta gaba mu dawo. A cikin jirgin ƙasa babu abin da raina bai saƙa min ba. Na ce ko wani namiji ne ya ja ta, ko ƙawayen banza, ko ta fara shaye-shaye, ko zan tarar ta yar da mayafi. Daga tasha na hau wata ƙaramar bas da ta yi ta kurɗawa tsakanin gonakin tumaki, ta sauke ni a kan tudu, domin ba a barin motocin baƙi su gangara cikin garin. Na ja jakata na bi gangaren a ƙafa.

Garin bai fi layi biyu ba, gidaje farare a manne da juna. Ruwa ya janye, jiragen kamun kifi suna kwance a kan taɓo, an tara kejin kama ƙaguwa a gefen katanga. Ban da kukan tsuntsaye babu abin da ke tashi. Na saba da Small Heath, inda ko da asuba sai ka ji bas da muryar mutane, sai shirun nan ya sa na riƙa jin takun takalmina. Na gyara hijabina ina jiran kallo. Wani dattijo da ke gyaran raga ya ɗago kai ya ce da Turanci, "Ke ce mamanta, ko? Tana can ƙasa, tun safe take duba hanya."

Na hango ta tafe da takalmin roba har gwiwa, ta cusa hijabinta cikin rigar ruwa, tana jan buhun robobin da suka tsince a gaɓa. Ta ajiye buhun, ta russuna ta gaishe ni. Kumatunta sun ciko. Abin da na fara gani ke nan, sai duk faɗan da na haddace a hanya ya watse.

Ta sauke ni gidan wata tsohuwa, matar wani masunci da ya rasu, wadda ke karɓar baƙi. Ruwan sama suke tarawa su yi ban-ruwan lambu, kuma abin da jirage suka kamo ranar shi ake ci. Tsohuwar ta nuna min tukunya da kaskon da ta ware wa 'yata tun zuwanta, ta ce naman alade bai taɓa shiga cikinsu ba. Ta nuna min kusurwar da yarinyar ke fuskanta in za ta yi salla. Ban tambaye ta ba, ita ta faɗa don kanta.

Washegari 'yata ta ce sai na bi su cikin jirgi. Ni da ko kwale-kwale ban taɓa hawa ba! Aka ɗaura min rigar ceto, na ƙanƙame katakon kujera ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Mu kaɗan ne, da wasu mata da miji tsofaffi da wata mai kyamara. Da muka doshi wasu duwatsu, mai jirgin ya kashe inji tun daga nesa don kada a firgita dabbobin. Ga su nan a shimfiɗe suna shan hantsi, wasu halittu da suke kira seal, kai kamar na kare, jiki kamar buhun gero. Ɗaya ta ɓullo kusa da mu, ta zuba min ido da gashin bakinta, na ce "Ikon Allah!" da ƙarfi har kowa ya yi dariya.

'Yata ce ke bayani. Ta miƙe tsaye, jirgi na tangaɗi ko a jikinta, tana gaya musu abin da dabbobin ke ci, da yadda tsohuwar raga ke shaƙe musu wuya, da dalilin da ya sa ba a matsawa kusa. Muryarta a buɗe, da Turancinta na 'yan Birmingham. Rabon da in ji ta haka tun tana firamare.

Bayan mun sauko muka zauna a kan katangar gaɓa da soyayyen kifi da dankali a takarda. Ba ta kalle ni ba, teku take kallo, ta fara magana. Ta ce lokacin sanyi a Ardwick sai ta wuni ba ta ɗaga labule ba. Ta daina shiga aji, jarrabawa ta wuce ta tana kwance. Wata da suke zaune gida ɗaya ce ta ja ta zuwa wurin likitar unguwa da suke kira GP, aka ce ciwon damuwa ne, aka ɗora ta a kan magani, aka ba ta shawarar ta huta. A allon sanarwar makaranta ta ga ana neman masu taimako a nan.

Na ce, "Me ya hana ki gaya min?"

Ta ce, "Umma, yaushe muka taɓa yin irin wannan maganar ni da ke?"

Ba da tsiwa ta faɗa ba. Na buɗe baki in ce ai ni ma uwata ba ta yi da ni ba, sai na fasa. Na tambaye ta ko yanzu tana samun barci, ta ce kamar gawa. Na ce maganin fa, ta ce tana sha, kuma tana waya da likitar. Na kama hannunta, duk ya yi kaushi saboda igiya da ruwan gishiri, na riƙe, ita ma ba ta zare ba.

Da la'asar na hau tudu inda waya ke kamawa, na kira babanta na gaya masa komai. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ni da nake ganin masu irin wannan kullum a asibiti." Can kuma ya ce, "Tana cin abinci?" Na ce ta cinye nata ta haɗa da rabin nawa.

Na dawo Birmingham ni kaɗai. Ita ta ƙarasa watannin zafi a can, da kaka ta koma Manchester, amma ta sauya zuwa karatun muhalli. Wannan sauyin ya daɗe bai kwanta wa babanta a rai ba, sai da aka yi ta zama ana tashi. Kafin ta baro ƙauyen dai shi ma ya je, mu biyu muka koma. Ya shiga jirgin da babbar rigarsa a ƙarƙashin rigar ceto, yana cewa shi ruwa ba ya ba shi tsoro. Ba mu kai duwatsun ba ya sunkuya ta gefe ya amayar da karin kumallonsa, 'yarsa na riƙe da hularsa tana shafa masa baya. Ya ce kada mu kuskura ƙannenta su ji labari. Kafin mu iso gida sun ji.