Wanzamin da Ke Tara Gidajen Reza

A kasuwar Mai'adua, layin 'yan gwangwan, wani tsoho na tsugune gaban tabarmar tarkace, da zabira a kafaɗa. Ba sai an faɗa ba, wanzami ne. Fatar zabirar ta yi baƙi ƙirin don shan hannu.

Bai kula makullai da cokula ba. Abin da yake tono shi ne tsohon gidan reza na ƙarfe, irin mai zobe a wuya, wanda ake murɗawa a ƙara wa reza ci ko a rage. Ya samu ɗaya. Yana murɗa zoben a gefen kunnensa, baki a taɓe kamar wanda ya tarar da tsohon maƙiyi a gadon asibiti.

Da alama an yi zamanin da manyan gari ke sunkuyar masa da kai kowace Juma'a, kafin wannan ƙarfe ya koya wa kowa aske gemunsa a ɗaki.

Mai tarkacen ya ce, "Baba, kullum kana saye, amma ko reza ban taɓa jin ka tambaya ba."

"Ba aski zan yi ba, Mansur. Su suka raba ni da mutanena. Yanzu injin aski ya zo, su ma an watsar da su. So nake in riƙa buɗe zabira ina ganinsu a kwance."

Ya jefa shi ciki, ya faɗa kan 'yan'uwansa. Sannan ya cire hula don share zufa. Askin kansa sabo ne, kuma na inji ne.