Kwano daban, har da cokali

"Kaka, me ya sa yaran littattafanka kullum su kaɗai suke cin abinci?" Jikata Hafsatu ce ta tambaye ni jiya.

Wallahi ban taɓa lura ba.

Zamanin Turawa aka kai ni makarantar Midil a Katsina. Da na dawo Kusada hutun farko, na wanke hannu zan zauna cikin 'yan'uwana a bakin akushi, sai Inna ta miƙo mini kwano daban, har da cokali.

"Kai yanzu ɗan boko ne," in ji ta, tana murmushi.

Girmama ni ta yi. Amma ban sake sa hannu a akushin nan ba.

Ashe labarin yaron nan, wato ni kaina, nake ta rubutawa a littattafaina. Ku ma an taɓa ware ku da sunan girmamawa?