Makkar da ke Bayan Tasha

Shekarar da aka turo ni koyarwa lakwal, wato makarantar boko, a Konni, wani mai hoto da ke bayan tasha ya zana Makka a bangon shagonsa, kusurwa huɗu har rufi. In ka shiga aka ja labule, duk inda ka juya masallaci ne da alhazai. Mutane suka bar ɗaukar hoto, sai layin kallo.

Mai hoton ko Sakkwato bai taɓa wucewa ba. Inda wuri ya rage masa, ya cike da abin da ya sani: ƙaton gawo a bayan Ka'aba, rumbu biyu, da jaki a ɗaure.

A lokacin yanar ido ta fara cin ganin innata, ita kuwa ba ta da buri sai ta ga Ɗakin Allah. Da labari ya kai ƙauyenmu wajen Illela, ta hau mota ranar kasuwa ta zo. Na ce mata fenti ne kawai. Ta ce ai boko ya ɓata ni.

Ta yi alwala, ta tuɓe takalmi a ƙofar shago, kunya kamar ta kashe ni. Muka tarar da wani alhaji mai sayar da taya yana ta faɗa.

"Wagga ƙarya! Sau ukku ina zuwa, babu gawo Makka!"

Inna ta kai fuskarta dab da bango, ta daɗe tana duba, sannan ta juyo.

"Alhaji, da kat tahi, ka zagaya bayan masallacin?"

Alhaji ya hau gyaran hularsa.

"To, can shi ke."

Shago ya kwashe da dariya, alhaji ya ja babbar rigarsa ya fita. Ita ko ta zauna ƙasa tana kallo har la'asar.

Bayan shekara goma sha ɗaya Allah ya nufa na kai ta da gaske. Idon ya riga ya rufe, ni ke jan hannunta a ɗawafi, ina kuka don baƙin cikin na makara. Ta matse yatsuna.

"Ɗiyata, gawon na nan?"

Ni da ban taɓa barin ɗalibi ya yi ƙarya ba, na dubi dogayen benaye, na ce, "Shina nan, Inna. Har da jakin."