Ɓerayen da Kyanwa Ba Ta Sani Ba

A gidanmu na Roni, da damina, da an idar da sallar magariba Iya takan zuba ƙaiƙayi a kan garwashin da aka sauke tuwo don hayaƙi ya kori sauro, mu kuma jikoki mu kewaye ta. Iya mahaifiyar babana ce. 'Ya'yanta uku tarin shiƙa ya ɗauke tun suna goye, shi ya sa ko ƙwarewa yaro ya yi sai ta katse magana ta kasa kunne. Ni kuwa ban iya zama wuri ɗaya ba, kullum ina tsokanar wuta da kara.

"Maigida, in ka ƙone min zane kai za ka saya," haka take tsokanata, sannan ta ce, "Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri."

Akwai tatsuniyar da ta fi yawan yi mana. Wai wani manomi ɓeraye suka dami rumbunsa, ya samo kyanwa, ya nuna mata cewa ɓarayin nan duk farin bindi gare su. Kyanwa ta riƙe wannan alama, ta yi ta kamu har gero ya huta. Ashe a cikin ɓerayen akwai 'yan kaɗan masu baƙin bindi. Su kyanwa ba ta kula su, sai suka yi ta haihuwa, har wata shekara manomi ya sake ganin ɓarna a bakin rumbu. Ransa ya ɓaci, ya ce kyanwar banza yake ciyarwa, ya ɗauki sanda ya kore ta. Kafin kaka ta zagayo, masu farin bindi sun dawo sun haɗu da masu baƙi, ko zangarniya ɗaya ba su bar masa ba.

Tatsuniyar nan haushi take ba ni. Na taɓa ce mata, "Iya, ai laifin kyanwar ne, me ya hana ta gane baƙin?"

Ta ce, "Wa ya tsaya ya nuna mata? Shi dai ya iya ɗaukar sanda."

Na manta da ita shekara da shekaru, har na zama malamin makaranta a Kazaure, na yi iyali. Bara ɗana Auwalu, mai shekara takwas, ya kwaso tari. An yi masa allurar rigakafi tun yana jariri, katinsa a cike yake, don haka ban ɗauki abin da zafi ba. Shi ya warware yana wasansa. Amma ƙanwarsa Hafsatu, wadda ko arba'in ba ta yi ba balle a fara mata allurar, ita ta ɗauka, ashe tarin shiƙa ne. Tana tari sai numfashinta ya ɗauke, leɓɓanta su canza launi, mu tsaya cirko-cirko muna jiran ya dawo. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba.

A asibiti na kasa zama, na yi ta kai da kawo a baranda. Da na shiga ɗakin na ce wa matata Binta, "Ina amfanin allurar da aka yi wa Auwalu? In Allah ya tashi kafaɗar yarinyar nan, ba mai soka mata komai."

Likitar da ke duba jaririyar ce ta ɗago ta ce, "Malam, ƙarfin allurar yana raguwa in yaro ya girma. Ƙwayar cutar kuma tana canza kama: wadda jiki ya gane takan mutu, wadda ta ɗan bambanta ita ke saura ta yaɗu. Amma dubi ɗanka, dubi 'yarka. Wanne aka kwantar?"

Sai na ji kamar hayaƙin ƙaiƙayin nan ne ya shiga idona. Ashe ni ne manomin Iya, ga ni da sanda a hannu. Iya ba ta san ƙwayar cuta ba, amma ta san halin mutum in ya tsorata: abin da ke tsaronsa yake fara hucewa a kai.

Hafsatu ta tashi, bayan kwana goma sha ɗaya da har yau ba na son tunawa. Duk da haka girman kai ya hana ni janye maganata. Na kwashe makonni ina juya ta a raina, ina aji ina tunani, ina kan babur ina tunani. Rannan dai na dawo daga makaranta, na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Binta, gobe ki shirya ta, zan kai ku a yi mata allurar nan."

Ta ci gaba da ninke kayan yarinyar, ba ta ko dube ni ba.

"Ta biyu ce gobe, Malam," in ji ta. "Ta farkon na kai ta tun watan jiya."