Akushinmu Marar Mai

Ranar wata Laraba ce, bayan an gama roron gyaɗa, shekara biyu ko uku kafin Turawa su miƙa mulki, aka dawo da Baba gida, ƙauyenmu Balan, a kan jaki. Ba zan rantse a kan shekarar ba, amma ranar kam tana nan a idona. Motar birni ta ajiye shi a Gaya, daga can maƙwabcinmu Baba Ja'e ya ɗora shi a kan jakinsa, shi kuma yana tafe a ƙasa yana tallafe da shi. Ni ina ƙofar gida ina ɗaure awaki, ban fi shekara goma ba. Mutumin da ya tafi asibiti da tumbinsa, sai ga shi riga tana yawo a jikinsa. Da aka zaunar da shi a zaure, ya ɗaga rigar ya nuna wa dattawa wani dogon ɗinki a ƙasan haƙarƙarinsa na dama. Ya ce likita Bature ya cire masa maɗaciya, wato 'yar jakar ɗacin nan da ke manne da hanta, wadda mahauta ke yankewa su jefar, domin wai duwatsu sun cika ta. Baba Ja'e ya leƙa ya ce, "Kai Babarbare, ashe har tsakuwa kake haɗiya saboda rowa?" Kowa ya yi dariya, Baba ma ya yi, yana dafe da ciki.

Mu asalinmu Barebari ne, kakanni suka zo daga gabas suka zauna suna noma da fatauci. Baba Ja'e kuwa Bafulatani ne, saboda haka tsakaninsa da Baba wasa ne na gado. Ban taɓa jin ya kira shi Malam Bukar ba, sai "bawana" ko "Babarbare", Baba kuma ya rama da "mai warin nono". A unguwarmu ana ciyayya. Da an idar da sallar magariba sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu, kowane magidanci a fito masa da akushinsa, a jera a tsakiya, a buɗe ɗaya bayan ɗaya kowa ya sa hannu. Ba wanda yake faɗa da baki, amma a nan ake auna kowane gida. Matar da miyarta ta fi sheƙi ita ake yabo, kuma a wannan fannin babu mai ja da Goggo Dije, matar Baba Ja'e, wadda man shanunta ke kwanciya a kan tuwo har ya gangaro gefe. Ni ne mai fito da akushin gidanmu, kuma kafin ciwon Baba da taƙama nake ɗauko shi.

Abin da aka gaya wa Baba a asibiti, ta bakin wani ma'aikaci da ke yi wa likitan tafinta, shi ne ya nisanci maiƙo: ba man shanu, ba man gyaɗa, ba kitse, ba soyayyen abu, kuma ya riƙa ci kaɗan-kaɗan sau da yawa. Ni ba likita ba ne, karatuna na jami'a ma ba wannan fannin ba ne, don haka ba zan ce haka ake yi wa kowa ba. Abin da na sani shi ne cikin Baba ya gaskata maganar. Inna ta ɗauki abin da gaske. Ta daina sa mai a miyar kuka da ta kuɓewa, sai daddawa da busasshen kifi. Furarsa da tsala ake damawa, nonon da aka riga aka cire wa mai, ba kindirmo ba. Mutumin da ba ya dawowa daga kasuwar Gaya sai da ƙuli-ƙuli da tsire, yanzu aljihunsa cike yake da magarya da goruba, wani lokaci dafaffen rogo ko dankali a ƙunshe cikin ganye, in damina ce gasasshiyar masara. A gona sai ya bar garma ya zauna gindin kuka yana ɗan taunawa da hantsi, abin da a wurinmu yara da mata masu ciki aka sani da shi.

Labari bai daɗe ba ya kai makarantar elementare. A filin langa, da na kayar da wani yaro, sai ya tashi yana kaɗe ƙura yana cewa, "To mene ne, ɗan gidan tuwo gaya?" Ba gaya muke ci ba, akwai miya, amma sunan ya bi ni. Da yamma kuwa, in na ɗauko akushi, sai in danne faifan da ke rufe da shi da babban yatsa, in ajiye shi can gefen tabarma inda hasken aci-balbal bai kai ba. In aka buɗe, dattawa sukan yi loma ɗaya don kara, su matsa gaba. Ni kuma in mayar wa Inna da shi kusan yadda ya fita. Sai ta juye a tukunya don ɗumame, nakan kuma ga yadda take kauce wa kallona.

Wannan duka mai sauƙi ne a kan abin da ya biyo baya. A fahimtar mutanenmu, wanda ya tashi daga ciwo da mai ake mayar masa da jiki. Goggo Dije, don ƙauna, sai ta ƙara man shanu a akushinta, har ta aiko a ce na Malam Bukar ne. Baba Ja'e yakan tura masa gabansa, Baba ya ce Allah ya yi albarka, ya janye hannu. Da farko an yi masa uzuri. Amma ɗinki ya warke, ya koma gona, yana ɗaukar buhu, kuma har yanzu ba ya taɓa abincin kowa sai nasa. A wurinmu kuwa wanda ya ƙi cin abincinka, ko dai ya raina ka, ko yana zargin ka sa masa wani abu. Ina jin babu wanda ya furta hakan, amma wata rana na lura Baba Ja'e ya ce, "Sannu, Malam Bukar." Daga nan wasa ya mutu. Baba yakan dawo cikin gida ya zauna, Inna ta ce masa, "Malam, lafiyarka ta fi bakin mutane." Shi kuma ya ce, "Falmata, da mutanen nake zaune."

Washegarin Babbar Sallah, ranar da ake suyar naman layya, maza suka taru da azahar a ƙofar gida. Aka kawo kwanon Goggo Dije, soyayyen naman rago yana ninƙaya cikin kitsensa. Baba Ja'e ya ɗauka da hannu biyu ya ajiye a gaban Baba, ya ce a hankali, "Malam Bukar, yau Sallah. In akwai abin da na yi maka, ka faɗa a gaban jama'a." Na ga Baba ya dubi kwanon, ya dubi abokinsa, ya yi bisimilla. Ya ci, ya ƙara, har da dangwalar man da gurasa, yana murmushi, gumi yana tsattsafo masa a goshi.

Da la'asar muna masallaci, shi a sahun gaba, mu yara a baya. Ana cikin raka'a ta biyu sai na ga ya sallame shi kaɗai, ya ratso sahu a duƙe, yana dafe da ciki. Bai kai gida ba. A bayan rumbun da ke jikin masallaci abin ya fi ƙarfinsa, cikin farar rigarsa ta Sallah, daidai lokacin da mutane ke fitowa. Na tsaya riƙe da buta, na rasa ko in matsa ko in gudu, ina jin yara suna ƙus-ƙus a bayana. Baba Ja'e ne ya ture ni ya wuce. Ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe Baba da ita, ya juyo ya daka wa mutane tsawa, "Me kuke kallo? Kowa ya kama gabansa!" Ya rako shi har ƙofar ɗakin Inna, shi daga shi sai 'yar shara.

Baba ya daina fita. Ciwon ya lafa cikin kwanaki kaɗan, amma ko masallaci sai ya faki ido, abinci kuwa a ɗaki yake ci. Tabarmin ciyayya ma aka mayar da su ƙofar wani gida. Na ɗauka shi ke nan, kuma a lokacin, in faɗi gaskiya, har na ji sauƙi da aka raba ni da ɗaukar akushi.

Sai wata magariba muka ji murya daga zaure: "Ina bawan nan nawa? Babarbare, fito, ko sai na shigo na ja ka da igiya!" Baba ya jawo hularsa. Na bi shi da akushinmu. Tabarmi sun dawo wurinsu. Da aka buɗe akushin Goggo Dije, sai ga tuwo da miya babu ko ɗigon mai, a gefe kuma wani ɗan ƙoƙo da man shanu a ciki. Baba Ja'e ya ce, "Mai so ya zuba a gabansa. Wannan marowacin kuwa a bar masa gefensa." Baba ya sa hannu ya yi loma, ya ce, "Mai warin nono, ashe matarka ta iya miya, mai ne yake ɓoye ta." Kafin wata ya ƙare, kusan kowane akushi da ƙoƙonsa yake fitowa. Namu ma Inna ta fara haɗo shi da nasa ƙoƙon, ni kuma na daina ajiye shi a duhu.

Yanzu na ji ana yin aikin cire maɗaciya ta 'yan ƙananan huji, mutum ya kwana ɗaya ko biyu ya koma gida, kuma wanda aka hana maiƙo ba ya rasa abin da zai ci. Wataƙila hakan ya fi, ba na musu. Sai dai a unguwar da nake zaune a birni kowa da farantinsa a falonsa, babu wanda zai ji haushi don ka ƙi abincinsa, domin babu wanda ya miƙo maka. Har yau in na ga man shanu a ƙoƙo, kunyar ranar nan takan dawo mini, tare da muryar da ta kira Baba daga zaure.